Ciwon baya da minjiryar hannu a lokacin firojet: wai mene ne aikin masu OT?

Dan_Gwallameji: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina shekarar ƙarshe a wata babbar makaranta nan Bauchi, ina kan babi na uku na firojet. Yau sati biyar ke nan wuyana da tsakiyar bayana sun hana ni sakat, kuma ƙaramin yatsana na dama da na kusa da shi suna minjirya, wani lokaci har biro ya suɓuce mini. Na sha maganin kemis, na shafa man zafi, shiru kake ji. Jiya na je asibiti, likita ya ce babu karaya babu targaɗe, in daina shan magani barkatai, in kuma da hali in ga masu gashin ƙashi ko mai OT. Masu gashi na san su. Amma wannan OT ɗin, da ya ce mini wai okufeshinal terafi, na ɗauka ta ma'aikata ce. Ni ko aikin yi ba ni da shi. Me ya haɗa ni da su?

Sadauki_Wunti: Wa alaikumus salam. Aure jikinka yake so, malam. Ka gama firojet ka nemo mai tausa.

MamanIlham: Kai Sadauki, mutum na kuka da ciwo kana masa tsiya. Ɗana, sannu. Kafin kowa ya ba ka shawara, gaya mana: a ina kake zama in za ka yi rubutun, kuma awa nawa?

Dan_Gwallameji: Mama, zama kuma? Ɗakinmu mu uku ne, ba tebur ba kujera. Katifa ce a ƙasa. Rub da ciki nake yi, in kafa gwiwoyin hannu, in sa laftof a gabana. In an kawo wuta ƙarfe sha ɗayan dare ba na tashi sai an ɗauke, wani lokaci har kiran asalatu.

Yar_Tumfure_OT: To ai ka ba da amsar da bakinka, ƙanina. Wannan aikin nake yi, bari in fara da sunan, don shi ke rikita mutane. Abin da ake nufi da "aiki" a wurinmu ba aikin albashi ba ne. Duk abin da ke cika wa mutum yininsa ne: wanka, sa riga, alwala, girki, rubutu, zuwa kasuwa, wasa in yaro ne. Kai aikinka yanzu karatu da buga firojet. In wani abu ya shiga tsakaninka da shi, ciwo ne ko nakasa ko damuwa, nan muke shigowa. Mu duba mutumin, mu duba aikin, mu duba wurin da yake yin sa, mu ga wanne ne ya fi sauƙin gyarawa. Sau tari ba mutumin ba ne.

Yatsun nan biyu da ka ambata jijiya ɗaya ce ke kai musu ji. Tana bi ta bayan gwiwar hannu, dab da fata, wurin nan da in ka buge shi kake jin kamar wutar lantarki ta ja ka. Ka lanƙwasa hannu ka ɗora nauyin ƙirjinka a kanta awa biyar kowane dare, me kake so ta yi? Da babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, sai mu fi zargin wuyan hannu. Ban gan ka ba, don haka kada ka ɗauki wannan a matsayin hukunci, amma daga yau ka bar rub da cikin nan.

Dan_Gwallameji: Ikon Allah. Anti, wallahi daidai wurin nake jin zafin in na tashi. To amma in na bar kwanciya ina zan zauna? Kuɗin bugawa da ɗinke firojet ma ban haɗa ba, balle kujerar ofis.

Yar_Tumfure_OT: Wa ya ce maka kujerar ofis? Zauna a ƙasa ka jingina da bango, ka naɗe tawul ko zane ka cusa a kwarin bayanka, dab da ƙugu. Ka sami kwali mai ƙarfi ko bokiti ka kife, ka ɗora laftof a kai. In kujerar roba ka samu da tebur, ka tabbata tafin ƙafarka na ƙasa, gwiwar hannu na kusa da jiki, kafaɗa a sake. Matsalar laftof ita ce fuskarta da madannanta a manne suke: in ka ɗaga ta daidai ido hannu ya wahala, in ka sauke ta wuya ya wahala. Mafita ita ce ka tara littattafai ka ɗora ta har saman fuskar ya zo daidai idonka, ka sayi kibod na waje ko da na hannu ne. Amma abin da ya fi duk wannan: kada ka wuce minti 30 zuwa 40 ba ka motsa ba. Tashi ka sha ruwa, ka leƙa waje, ka dawo.

Injiniya_Kashere: Na taɓa karantawa cewa in ka sunkuyar da kai kana danna waya, wuyanka na ɗauke da kilo 27. Kusan rabin buhun siminti fa!

Fisiyo_Ƙarami: Buhun siminti kilo 50 ne, ka ga ma ya ɗara rabi. Sai dai lissafin nan ƙiyasi ne da aka yi da kwamfuta, ba a wuyan mutane aka gwada ba. Kan babba kusan kilo 5 ne, kuma gaskiya ne sunkuyo na ƙara wa wuya aiki, amma kada a tsorata mutane. Kakanninmu sun yi noma a duƙe. Wuya ba ƙwai ba ne. Abin da ke gajiyar da shi daɗewa a yanayi ɗaya, ko da kuwa zaman ya miƙe kamar na soja a fareti. A nan ina tare da Anti. Inda zan ɗan ja da ita: gyaran wurin zama kaɗai ba ya isa in tsokar baya ta saba da zaman banza. Sai an haɗa da motsa jiki, tafiya ce ko ƙwallo.

Yar_Tumfure_OT: Ba ja ba ne wannan, abokin aiki, cikawa ce. Kai ka ƙarfafa masa jiki, ni in gyara masa dare.

Sadauki_Wunti: To yanzu mene ne bambancinku? Ni duk masu gashi nake ce muku.

Fisiyo_Ƙarami: Misali, dattijo ya sami shanyewar ɓarin jiki. Ni damuwata ƙafa ta ɗauke shi, kafaɗa ta ɗagu. Ita damuwarta ya iya ɗaura tazugen wandonsa, ya riƙe buta, ya kai loma baki ba tare da ya kira jikansa ba. Hukuma ɗaya ke ba mu lasisi, wadda aka kafa da doka ta 38 ta 1988, mu da su da masu gyaran magana da masu duba ji.

MamanIlham: Shekara ashirin da ɗoriya ina aikin jinya, bari in sa baki kan maganin kemis ɗin nan. Yaranmu sun mai da diklofenak kamar gyaɗa, a sha da cikin wofi, a ɗora shayi baƙi a kai. Ƙarshenta a zo mana da gyambon ciki, wani har ƙoda. Na tiramol kuwa ba na son ma in fara. Sannan ba kowane ciwon baya ne na zama ba. In akwai zazzaɓi, ko rama, ko zufar dare, ko ciwon ya fi tsanani in an kwanta, ko ƙafa ta fara rauni, ko fitsari ya fara ƙwacewa, a bar maganar tawul da bokiti a nufi asibiti. Tarin fuka na kama ƙashin baya, na ga irinsa ba ɗaya ba biyu. Mai sikila kuma shi ma nasa daban ne.

KafintanYelwa: Ni ban yi boko mai zurfi ba amma ni nake yin bencin da kuke zama. In an kawo kwangila, awo ɗaya ake ba mu: dogo da gajere, mai ciki da mai ƙiba, duk benci ɗaya. Babu wanda ya taɓa tambayata tsawon ɗaliban. Dan_Gwallameji, ɗan teburin ƙasa irin na masu karatun Alƙur'ani amma mai faɗi, da ragowar katako ake yin sa. Ka auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunka kana zaune, ka kai wa kowane kafinta awon.

Bahagon_Bolari: Tunda an zo maganar benci, a bar ni in fitar da abin da ke raina. Kujerun jarabawa masu allo a hannun dama. Ni bahago ne. Awa uku nake yi a karkace kamar mai leƙen ta maƙwabci, har wani mai sa ido ya taɓa ƙwace mini takarda wai ina satar amsa. A firamare dukana aka yi ta yi in koma dama, na koma na ɗan lokaci rubutun ya zama kamar tafiyar kaza, aka gaji aka ƙyale ni. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, amma ka shiga aji mai kujera ɗari ba ko ɗaya tamu.

Malam_Kobi: Cin abinci da dama ladabi ne da muka gada daga addini, ana koya wa yaro a hankali. Amma dukan yaro kan riƙon alƙalami, ni dai ban san inda aka samo shi ba. Na yi shi a farkon koyarwata, ina neman gafarar Allah.

MaiKeke_Azare: Ina ta karatu ina murmushi. Ba raina ciwon kowa nake ba, ɗan'uwa Allah ya ba ka lafiya. Amma abin da ya same ka na sati biyar shi ne rayuwata tun ina aji ɗaya. Shan inna ya kama ni ina shekara uku. Keken hannu nake tuƙawa, irin mai ƙafa uku da masu walda ke ƙerawa.

Ba zan faɗi sunan makaranta ba. Zangon da ya wuce aka kai wani kwas ɗinmu hawa na biyu. Kullum sai in ajiye keke a gindin bene, in sa silifa a hannu in rarrafa matattakala ashirin da biyu, na ƙirga su. In an yi ruwa, farar rigata ta zama abin da ta zama kafin in kai sama. Abokai na cewa su goya ni, kuma Allah ya saka musu, amma namiji ɗan shekara 24 a goye a gaban 'yan matan ajinsu, ku auna. Na je ofis na roƙa a sauko da lakcar ƙasa, ga ajin nan babu kowa. Aka ce in rubuto. Na rubuta. Aka gama zango takardar na kan tebur.

Banɗaki kuwa, tun safe ba na shan ruwa don kada in buƙace shi. A zafin Afrilu na Bauchi.

MamanIlham: Innalillahi. Ɗana, rashin shan ruwan nan zai taɓa maka ƙoda da mafitsara. Don Allah ko ta yaya ne a nemi wata dabara.

Lauyan_Gobe: Yaya MaiKeke, abin da ka roƙa ba alfarma ba ce. Akwai dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ta yanka tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko ma'aikata, mutum ɗaya kuma dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ta kuma ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa ta masu nakasa a Abuja. Ka sake rubutawa, ka ambaci dokar, ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa.

MaiKeke_Azare: Lauya, na san dokar, har taro na je a kanta ranar 3 ga Disamba, ranar masu nakasa ta duniya, aka ba mu riga da hula da lemo. Ka san me ya biyo baya? Aka zuba siminti a ƙofar wani gini wai hanyar keke. Gangaren kamar na sauke buhu daga tirela. Ranar farko da na gwada, keken ya ɗaga ƙafar gaba, saura ƙiris in kifa ta baya.

Yar_Tumfure_OT: Wannan shi ne ciwon da ke ci mini rai. Awon da aka sani shi ne ɗaya bisa sha biyu: duk tsayin santimita 1, gangare ya miƙe santimita 12. Matattakala uku masu santimita 15 kowacce, tsayi 45 ke nan, gangarensu sai ya haura mita 5. Magini na ganin wurin zai ci fili da siminti sai ya dunƙule shi a mita ɗaya da rabi. An kashe kuɗi, an ɗauki hoto, mai keke na waje. Ga ƙofa ita ma, in ba ta kai faɗin santimita 90 ko kusa da haka ba, wahala ce. Shi ya sa nake cewa kafin a zuba ko shebur ɗaya a kira mai keken ya gwada. Kuma ka lura, abin da ka nema tun farko, a sauya aji, ko sisi ba ya ci.

Na banɗaki, akwai kujera mai huji a tsakiya da ake ɗorawa kan masai na tsuguno, da ƙarfen kamawa a bango. Mai walda zai yi maka mai naɗewa wadda za ka rataya a bayan keke. Ka yi mini magana ta gefe in turo maka zane da awo.

Ido_A_Zuci: Ni makaho ne, waya ce ke karanta mini wannan zauren, don haka masu turo hoton rubutu ku ji tsoron Allah, ba ta iya karanta shi da kyau. A waya TalkBack nake amfani da shi, a kwamfuta kuma NVDA, kyauta ne. JAMB ta ware mana tsarin jarabawarmu daban, da shi na shigo. Matsalar tana cikin aji: malami ya juya ga allo yana cewa "wannan ka haɗa da wancan ya ba ka wannan". Wanne? In ya faɗi abin da yake rubutawa da baki, ya ba ni handawut a fayil maimakon fotokwafi, shi ke nan ya gama mini komai.

Hajjo_Misau: Don Allah a daina cewa makaho da gurgu da nakasa. Masu buƙata ta musamman ake cewa yanzu.

Ido_A_Zuci: Hajiya, na gode da kara, amma ni da kaina na kira kaina. Muna da Sarkin Makafi tun kafin a haifi kakana, ba zagi ba ne. Buƙatata kuma ba ta musamman ba ce, karatu nake so kamar ɗanki. Wasu 'yan'uwana sun fi son sabon sunan, a kira su da shi. Ni dai a ba ni fayil ɗin.

MaiKeke_Azare: Haka take. Har "nakasa ba kasawa ba ce" ɗin nan na gaji da jin ta daga bakin wanda ofishinsa ke saman bene.

Admin_Zaure: Jama'a maganar na da amfani, a ci gaba, amma kada a manta da mai tambaya. Kuma Sadauki, na goge na biyun da ka turo.

Auta_Pantami: Ni ina ganin akwai abin da ba a taɓo ba. Dan_Gwallameji ya ce yana raba dare wani lokaci har asalatu, ke nan ba ya barcin kirki. Bara lokacin jarabawa irin haka ta same ni: kafaɗa ta ƙage, kai kamar an ɗaure da rawani, in karanta shafi sau huɗu ban san me ya ce ba. Ina shan kofi uku da lemon ƙarin kuzari, gabana na ta faɗuwa. A gida aka ce aljanu, wata ƙawata ta ce maleriya. Ashe tsoron kariyoba ne da rashin barci. Ban san ko wannan ma aikin su Anti ba ne.

Yar_Tumfure_OT: Shi ne ma tushen aikin. Sana'ar nan a asibitocin masu taɓin hankali ta yi jijiya, da kuma wajen jinyar sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1917 aka kafa ƙungiyarta ta farko a Amurka. Damuwa na sa tsoka ta ɗaure, rashin barci kuma na sa ciwo kaɗan ya zama babba. Abin da nake yi da ɗalibi shi ne mu zana yininsa a takarda, awa bayan awa, mu ga ina barci, ina abinci, ina abin da yake yi don jin daɗi kawai. Galibi na ƙarshen nan babu shi sam. Baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Kofin da ka sha da magariba, rabin ƙarfinsa na nan a jininka bayan kamar awa biyar. In gaba na faɗuwa, a ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, na minti biyu ko uku. Ido kuma, duk minti 20 a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20.

Malam_Kobi: Mu da aka ba mu salloli biyar, ai an riga an yanka mana yini. Wanda ya tashi ya yi alwala ya taka zuwa masallaci ya miƙe baya, ya huta da allo. Matsalar ɗaliban yanzu sun mai da dare rana.

Auta_Pantami: Gaskiya ne Malam, amma ina sallata a kan lokaci abin ya same ni. Kada wani ya karanta ya ɗauka raunin imani ne ya yi shiru. Ni sai da na ga likita.

Malam_Kobi: Ban ce haka ba 'yata, kuma kin kyauta da kika faɗa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Dan_Gwallameji: Malam, ba son raina ba ne raba dare. Wuta ce ba ta zuwa sai lokacin, batirin laftof ɗin kuma ko minti arba'in ba ya yi.

Injiniya_Kashere: To ka juya tsarin mana. Da rana ka rubuta da biro a takarda, karatu da tunani duk ka gama su. In wuta ta zo, bugawa kawai, awa ɗaya da rabi ka kwanta. Ko ka kai caji shago.

Ummi_SS3: Anti don Allah a ina ake karanta wannan kwas ɗin? Ina son harkar lafiya amma ba na son jini.

Yar_Tumfure_OT: Akwai makarantar tarayya ta OT a Oshodi, Legas, akwai kuma digiri a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Ki duba kundin JAMB na shekararki don sauran. Mu 'yan kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, masu jin Hausa a cikinmu kuwa sun fi ƙaranci, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da hira: yaya kike girki, a ina kike wanka, wa ke ɗebo ruwa. Amma kada in yaudare ki, za ki ga ƙuna da rauni, kuma akwai darasin sassan jiki.

Sadauki_Wunti: Gombawa sun fi mu OT, mun fi su masa. An yi canjaras.

KafintanYelwa: MaiKeke, in Anti ta turo zanen kujerar nan ka sa shi a zaure. Akwai mai walda kusa da shagona, ni kuma zan yi mazaunin da katako in goge shi sumul. Tsohuwata ma gwiwa ta hana ta tsuguno.

Dan_Gwallameji: Na dawo da rahoto bayan kwana shida. Na kife bokitin wanki, na jingina da bango, tawul a baya. Wuya ya yi sauƙi sosai. Minjiryar ta ragu amma ba ta tafi ba, musamman da asuba, ina jin don ina kwana da hannu a naɗe ƙarƙashin kai ne. Abokin ɗakina kuma ya ce bokitinsa ne, in nemi nawa.

Yar_Tumfure_OT: Naɗa tawul a gwiwar hannun in za ka kwanta, sako-sako, don kada ta lanƙwashe sosai. Jijiya ba ta saurin hucewa. In ka ga tsokar tsakanin babban yatsa da manuni ta fara zabgewa, ko riƙo ya ƙara rauni, ko sati uku sun wuce babu canji, koma wurin likitan ka nemi ya tura ka sashen gashi.

MaiKeke_Azare: Lauya, na sake rubuta takardar, na sa dokar a sakin layi na farko. Jadawalin sabon zango zai fito ranar Litinin. Turo mini lambarka ta gefe ka duba mini ita kafin in kai.